Launin Shayi da Madara Kaɗan

A Semonkong sanyi kan riga zakara tashi.
Na yafa bargo, na ture ƙofar gareji,
ga shi jingine da buhunan masara,
babur ɗin ƙanena Mokhethi,
si-si ɗari biyar, mai bugu biyu,
shekara huɗu ko tari bai yi ba
tun ranar da dutse ya karɓi ƙugun mai shi.

Likeleli ce ta ce a tashe shi.
'Yarsa. Shekara sha tara, kilo hamsin da takwas
har da takalma.
Na ce, yarinya, wannan ba ya jin lallashi.
Ta ce, Baffa, ai ni ma ba na ji.

Muka kwance shi kamar masu fiɗar rago.
Fistan ya yi zane, ringi ya gaji,
kafireta ta daskare da tsohon mai
kamar zumar da aka manta a kwalba.

Iskar tsauninmu ba ta da tsoka.
Injin da ya ƙoshi a bakin teku
in ya hau nan sai ya shaƙe, ya yi ta aman hayaƙi.
Na rage masa maƙogwaro da 'yar tagulla
wadda ƙwayar alkama ta kusa fin ta,
na sauke allura mataki ɗaya.

Fetur arba'in, mai ɗaya.
Da tsohuwar kwalbar shan madararta nake awo,
don ita ce mai layuka a jiki.
Ba ta sani ba. Ban faɗa ba.

An ɗaure shakazoba don mutum mai kilo casa'in,
ta hau ta zauna, ko gezau.
Na yi ta sassautawa, tana hawa tana sauka,
har baya ya nutsa faɗin tafin hannuna.
Na yanke soson kujera da wuƙar burodi
don babban yatsanta ya san ƙasa.
Haƙori biyu na ƙara wa faifan sarƙa,
gudu ya ragu, hawa ya samu.
Taya kuwa na sace mata iska
har ta koyi rungumar dutse.

Sai tayarwa.
Ta buga kik sau ashirin, ya mayar mata da ɗaya
da ya kusa raba ta da diddige.
Ubanta na bakin ƙofa kan sanduna biyu,
kwana tara bai ce uffan ba.
Ya ce, kada ki roƙe shi.
Lalubo inda fistan ya tsaya a sama,
wuce da kaɗan,
ki faɗo masa da duk abin da kika mallaka.

Ya kama.
Kwanon rufi ya ɗauki rawa,
dawakin makwabta suka tsinke igiya,
shuɗin hayaƙi ya cika mana ido,
kowa ya samu abin ɗora wa hawayensa.

Sau bakwai ta zaga bayan makaranta,
sau bakwai na zare fulogi ina hura yatsu.
Baƙi ƙirin, mai ya yi yawa.
Fari fat, inji zai ci kansa.
Launin shayi da madara kaɗan nake nema,
da la'asar ya ba ni.

Yau ga ni a wuyan dutse da jarka da sifana,
tare da makiyaya biyu da karensu.
Babura sittin na tahowa ta kwari,
ban ga ko ɗaya ba tukuna.
Amma a cikin kukansu akwai mai kaushi,
mai ɗan dakatawa kafin giya ta uku.

Yaron ya ce, Ntate, me kake ji?
Na ce, yi shiru.
Ba ta saki totur ba.