Giɓin Talatin da Shida

A Fas, cikin lungun da jaki kaɗai ke ratsawa,
Ma'allam Tuhami na zaune kan buhu
yana saran tayil kamar mai fasa goro.
Ni ne yaron shago, Zuhairu,
aikina shara da dafa shayin na'ana'a.

Ran da ya fara koya mini,
alwatika ya yanka daga takardar sukari,
ya yage kusurwoyinta uku,
ya jera su kai da kai bisa dakali.
Suka miƙe samɓal, layi ɗaya.
"Digiri ɗari da tamanin," in ji shi,
"gadonsu ke nan, ba ƙari.
In ɗaya ta yi haɗama, biyun su kwana da yunwa."

Ya kafa ƙusa, ya ɗaura zare, ya zaga da'ira,
ya raba ta biyu ta cibiya.
"Tsaya ko'ina a gefenta,
ka ja layi zuwa bakin nan da bakin can."
Na ja. Tasa'in.
Na gusa. Tasa'in.
Sau tara ina neman in kama shi da ƙarya
har shayi ya ƙafe a buta.

Mai gefe shida ba ta da rigima:
uku su haɗa kai, ɗari da ashirin-ashirin,
ɗari uku da sittin ta cika,
ko allura ba ta samun hanya.
Ni kuwa mai gefe biyar ce ta kwanta mini a rai.
Daren Laraba na sari shuɗaye uku a ɓoye,
na haɗa su a ƙasa.
Giɓi ya buɗe kamar wushirya.
Na tura, na murɗa,
ɗaya ta tsage, ta yanke ni a yatsa.

Da safe ya gani. Bai ɗaga murya ba.
"Ɗari da takwas sau uku, saura nawa?"
Na ƙirga da yatsa ɗaure da tsumma.
Talatin da shida.
Ya tsinci guntun ja cikin abin da na share,
sara biyu, ya fiƙe masa baki,
ya zura. Ya zauna daram.
"Tsinin tauraro ke nan," ya ce.
"Ina shayina?"

Shekara goma sha ɗaya ke nan.
Hannunsa na karkarwa yanzu, guduma ta dawo wurina.
Shi ke dafa shayi,
kuma kullum sai ya cika sukari.