Lissafin Daren Tafiya

Daren nan babu barci a gidanmu.
Inna ta kwance bakin zane,
ta zube kuɗin adashi a kan faifai,
'yan ɗari biyar-biyar masu ƙamshin daddawa.
Ina ƙirgawa, tana bin yatsuna da ido,
leɓenta na motsi a bayan nawa.

Baba ya sayar da raken fadama tun yana tsaye,
bai jira ya ƙosa ba.
Dillali ya taya, ya ce albarka,
ya sake tayawa, ya ce albarka,
a na uku ya tuna ranar rufe rijista,
ya kau da kai, ya sallama.

Na rubuta a bayan tsohuwar takardar jarrabawa:
kuɗin makaranta an biya, rasit na cikin leda,
kuɗin gado, rabi.
Hoto takwas da Tasi'u mai kafe ya ɗauka,
na fito zuru kamar wanda aka kama da kazar maƙwabta.
Risho, bokiti, kwaɗo mai makulli biyu.
Abin da ya saura na kasa shi kashi goma sha shida,
mako-mako har ƙarshen zango.
Ya tsaya a sha uku.
Na goge, na sake kasawa.
Lissafi bai san ɗan gida ba.

Kawu Ɗantala ya shigo da tocila a hammata,
shi da ya yi shekara biyu a Poli ya dawo ba takarda.
Ya ce, "Kaduna ba ta fizge, yaro, tsotsa take yi.
Ɗari a keke, ɗari biyu wurin mai shayi,
kati a waya, aboki ya ce ranta min,
kafin wata ya raba tsakiya aljihu ya zama kango.
Daga Tudun Wada zuwa Kasuwar Barci taka da sawunka,
ƙafa ba ta shan mai.
Kujerar gaba a aji kyauta ce, ka riga kowa.
Abin da ba ka gane ba ranar Litinin
kada ka bar shi ya ga Juma'a.
Ni a baya na zauna."
Ya kunna tocila, ya kashe,
bai ƙara komai ba.

Hansai ta daka min yaji har tana atishawa,
ta ƙulle ƙuli-ƙuli da garin kwaki mudu uku,
ta ce in na dawo kada in dame ta da Turanci.
Na ga sanda ta cusa dubu ɗaya a cikin safata,
ribar awarar sati guda.
Na yi kamar ina neman biro.

Abin da ban faɗa wa kowa ba:
a nan Maƙarfi ni ne zakaran aji,
can kuwa kowa zakaran garinsu ne.
An ce ɗaki ɗaya ɗalibi ɗari uku,
malami na magana ta lasifika,
bai san sunan kowa ba sai lamba.
To wa zai ji carata?

Sai ga saƙo daga Bitrus na Zonkwa,
wanda aka haɗa mu ɗaki, ban taɓa ganin fuskarsa ba:
"Kana da risho? Ni ina da tukunya."
Na daɗe ina kallon kalmomin nan.
Na ɗauki biro, na mayar da sha uku sha huɗu.

Da asuba Inna ta raka ni bakin titi,
motar Kawo na ta hon, yaron mota na jan jakata.
Ta riƙe hannun rigata, ta ce,
"Kada ka ci bashi.
Kada kuma ka kwana da yunwa."
Na ce to, na amsa duka biyun,
ko da yake ban san yadda za su zauna a aljihu ɗaya ba.

Mun wuce gonar Baba, an fara sara.
Na taɓa ledar rasit, tana nan.
Sauran mako biyu da babu su a takarda,
sai na je can.