Dala Tara

Mil sittin ne daga garkena zuwa babban kanti,
inda fitilu ba sa barci, rufi ya yi wa kai nisa.
Can kwalin harsashi dala ashirin da shida.
Wurin Orval Tvedt, a ɗan garinmu na Wyoming,
kwali iri ɗaya, tambari ɗaya,
talatin da biyar.
Na iya lissafi. Tumaki sun koya mini.

Shagon Orval bai fi ɗakin girki ba.
Warin man bindiga, kofin da ya kwana a wuta,
kan barewa a bango, ƙaho ɗaya a gutsure.
Shi ya gyara kunamar bindigar mijina
shekarar da Leland ya kwanta bai tashi ba,
ya ce, "Marlys, riƙe ta haka, kar ki runtse ido."
Shekarar da kasuwar ulu ta faɗi warwas
ya rubuta sunana a littafin bashi,
bai sake buɗe shafin a gabana ba.

Duk sa'ad da ya miƙo kwali sai ya ɗora tafi a kai:
"Araha ba ta ado.
Na can sun sha rana a tirela, sun sha raɓa a sito.
Ranar da kerkeci ya faɗo garke
za ki ja kunama ki ji ƙyas, sai shiru."
Na yarda. Shekara goma sha ɗaya ina yarda.

Bana harawa ta yi tsada, likitan dabbobi ya ninka kuɗinsa.
Ranar Talata na fita da duku-duku kamar mai zuwa sata,
na zaga ta bayan coci don kar in wuce ƙofarsa.
A kanti wani yaro mai shuɗiyar riga
ya zo da makulli ya buɗe gilashi.
Na tambayi nauyin dalmar, ya yi ta juya kwalin,
ya ce shi jiya a ɓangaren takalma yake.
Na ɗauki uku.

A layin biya, gabana, ga hular da na sani,
ƙeya mai furfura, kafaɗa ɗaya a karkace.
Amalankensa maƙil, kwali kan kwali,
irin nawa sak.
Ya waiwayo. Na kalli nasa, ya kalli nawa.
Na'ura na ta kukanta, ba ruwanta da kowa.

A wajen ajiye motoci, iska na yankan kunne,
ya ce, "Mai sarar mini ashirin da takwas yake ba ni.
Nan ashirin da shida. Ai kin iya lissafi."
Na ce, "To raɓar sito fa?"
Ya daɗe yana ɗaure tamfol a bayan a-kori-kura.
"Haya ce," in ji shi. "Haya, da wuta, da jikata a kwaleji."

Muka dawo a jere, shi gaba ni baya.
Fitilarsa ta hagu a mace take. Ban taɓa lura ba.

Daren Alhamis kerkeci ya zo.
Harsashin araha ya tashi lafiya lau,
tsauni ya maido mini da ƙararsa.
Na kuskure da taku biyu, ɗan rago ya tafi.
Da safe na tsinci kwanson a dusar ƙanƙara,
tagulla ce kamar kowace tagulla.

Asabar na kai masa bindigar.
Ya leƙa, ya tsuke baki, ya ce saitin ne ya goce,
ya murɗa wani ɗan ƙarfe sau uku da farcen yatsa.
Na ce nawa? Ya ce in sha kofi.

Na nuna kwali ɗaya a bayansa.
Ya sauko da shi, bai ɗora tafi ba, bai ce komai ba.
Na ƙirga talatin da biyar a kan kanta,
taran ƙarshe a hankali, ɗaya bayan ɗaya.

Yanzu suna jere a saman firij.
In na miƙa hannu cikin duhu
ban san wanne nake ɗauka ba.