Kwana ta Bakwai

Iska na dukan kwanon gareji,
iskar Punta Arenas, mai tuge ƙato daga kan titi.
Tun tara na rufe shagon faci,
na kankare baƙin mai da sabulu da yashi,
na hau kujerar tsohuwar tasi da na tsinto a bola.
Sitiyari na ɗaure a teburin guga,
totur da birki a ƙasa, bulo ya tokare su.

Mu ashirin ne a layin tashi,
ban san fuskar ko ɗaya ba.
Amma na san Kaarel, mutumin Tartu,
sanin da ake wa maƙwabci ta tarinsa a bayan katanga:
yakan makara a birki,
yakan bar maka faɗin mota ɗaya, ba ƙari,
bai taɓa rufe mini ƙofa da mugunta ba.
Shekara biyu ina shan hayaƙinsa.

Daren nan kuwa, zagayen ƙarshe,
ga ni manne da bambarsa.
Rayén ta baro lissafinta, ta tsaya a kafaɗata,
shayi na hucewa a hannunta.

Kwana ta bakwai. Na kutsa ta ciki.
A allona, na rantse,
akwai tazarar da kyanwa za ta ratsa.
Sai ga motarsa ta zabura,
ta yi juyin waina,
ta rungumi shinge.

Hanya ta buɗe fetal.

Daga wannan wutsiyar duniya zuwa inda uwar na'urar take,
sai saƙo ya keta duwatsu da teku,
ya je ya dawo: ƙiftawar ido da rabi.
Cikin ƙiftawar nan motata biyu ce,
ga wadda nake gani, hannunta tas,
ga wadda Kaarel ya gani ta soke shi a haƙarƙari.
Wacce ce ni?

Alƙalin wasan bai ce uffan ba.
Ba tuta, ba tara.
"Taka, Baba! Ai ba ka taɓa shi ba!"

Na san masu takawa.
Akwai mai yanke kwana ta kan ciyawa
daidai inda na'ura ke gyangyaɗi.
Akwai mai sayen manhajar da ke liƙe taya da kwalta
ko ana sheƙa ruwa.
Akwai gwanin da ke aron sabon suna
ya faɗa ajin 'yan koyo,
gardi a wasan yara.
An ce kowa ya ci zomo ya ci gudu;
su nasu zomon a ɗaure suka same shi.
Ban san me suke ji ba in sun kashe fitila.

Na ɗage ƙafa.

Ɗaya ta wuce. Uku. Shida.
Kowace da ƙararta, kamar ana yaga zane.
Rayén ta dire kofi har ya fantsama.
Tara. Goma.
Can sai ga shi, fiffike a karye,
yana jan ƙafa.
Ya gifta, ya ƙyafta mini fitila sau biyu,
na bi bayansa, inda na saba.

Shi na sha ɗaya, ni na sha biyu.
Wata Iracema daga Belém ta ɗauki kofin,
tuƙinta kuwa ba tabo, na duba.

Saƙonsa ya shigo, can gari ya waye musu:
"Eleuterio, me ya tsayar da kai?
Ƙanƙara ta danne mana waya tun jiya.
Sabis ɗina ne ya yi tuntuɓe."
Na rubuta: "Nawa ne. Iska."
Ya ce nasa. Na ce nawa.
Minti goma muna rigima
kan wanda zai ɗauki laifin gida.

Rayén ta gama karantawa, ba ta ce komai ba.
Ta goge shayin da hannun rigarta,
ta ture ni daga kujera,
ta jawo bulon kusa, don ƙafarta ba ta kai ba.
"Nuna mini," ta ce,
"inda ake birki a kwanar nan."