Ɓarin Hagu

Ni da ban iya zama ba,
ni da ƙafata ke kan keken ɗinki tun hantsi a Kasuwar Barci,
yau ga ni a shimfiɗe kamar atamfar da ba a yanka ba.
Likita ya ce ɓarin hagu.
Sati ashirin da takwas, in ji shi, kuma su uku ne,
ƙofa ɗaya, dukkansu suna taɓa sakata.

Daren Laraba abin ya fara.
Cikina ya ɗaure, ya yi tauri kamar ƙwaryar da aka kife,
ya saki, ya sake ɗaurewa.
Na ce wa Haladu ƙila waken da na ci ne.
Bai amsa ba, takalminsa yake lalube.
Daga Rigasa har Barau Dikko a Keke Napep, ana tsuga ruwa,
duk ramin da ke hanyar nan, marata ta san shi.

Sista Rifkatu ta ɗora min na'ura a ciki,
na ji zukata uku suna lugude a turmi guda.
Allura biyu a cinya, ta ce don huhunsu,
huhun da bai taɓa ɗanɗana iska ba.
Kwana huɗu aka sallame ni da sharaɗi:
ba shara, ba tsuguno,
ko buta in da ruwa a ciki, a ɗaukar min.

Yanzu silin ne unguwarmu.
Na haddace tabon yoyon da ya yi kama da kan akuya.
Da kukan jirgin Abuja nake sanin rana ta yi nisa.
Carbina ya sami aiki na biyu:
in mara ta murɗa, in ja ƙwaya ɗaya.
Uku cikin awa, in sha ruwa, in yi lamo.
Shida, a nemo Haladu ko yana ina.

Salla ma a kwance,
ruku'u da kai, sujada da kai.
Wanda nake yi dominsa ya san inda goshina yake son zuwa.

Hajiya Turai ta bugo waya kan ankon bikinsu,
ta ce, “Ke kam kin huta abinki.”
Na yi dariya a hankali, don dariya ma tana tashinsu.
Wa zai gaya mata kwanciya noma ce?
Ƙuguna ya yi tsami, kafaɗar hagu ta daina gaisawa da ni.
Tuwon Haladu duk gudaji,
ina cinyewa, ina yabawa.

Wanda ya fi ciwo ba a mara yake ba.
Jiya Ummita ta zo da zanen goyo a hannu,
ta tsaya bakin gado: “Mama, goya ni.”
Na ce gobe.
Shekararta uku, amma ta san goben manya.
Ta kwanta a bayana, ta manna kumatunta,
ta goya kanta.

To ku, mutanen ciki,
mai shuri a haƙarƙari, da mai shaƙuwa bayan isha'i,
da kai na ƙasa, mai kai a bakin ƙofa,
ku zo mu yi ciniki.
Ba abin da ke waje da zai gudu.
Kogin Kaduna na nan, ya cika har yana lasar gada,
baɗi ma zai cika.
Ku ba ni sati shida.
Huɗu?
To, ku bar min wannan daren, gobe ma sake magana.

Ana kan ɗinka ku ne.
Ban taɓa miƙa wa mai kaya riga babu hannu ba,
komai sallamar da ya jera a bakin shago.

An kira asuba.
Carbi bai motsa ba tun ƙarfe biyu.
Na miƙa hannu a hankali, na ɗauki allin ɗinki,
na ja layi ɗaya a jikin bango,
kusa da 'yan'uwansa goma sha ɗaya.