Zoben da Ba Ya Juya Kansa

A kasuwar Sinnar na tsince shi,
tsakanin matattun rediyo da cajar wayoyi,
an cusa shi cikin safa ƙafa ɗaya.
Ɗayyabu mai gwanjo ya ce,
"Ka ji tun yanzu, wannan ido ba ya saita kansa,
yatsunka ne injinsa."
Kuɗinsa bai kai na riɗi tiya uku ba.
Gyara kuma, murfin kwalbar man shafawa,
wai ya zauna daidai a bakinsa.

Na kawo shi Maiwurno a aljihun jallabiya
kamar mai ɗauke da ƙwai a motar kasuwa.

Da sassafe na gangara bakin kogi,
inda ruwa ya janye ya bar mana laka,
muka zuba kuɓewa.
Na yi rub da ciki.
Na murza zoben, yana cijewa
kamar famfon da ya kwana biyu ba a taɓa ba.
Duniya ta narke, ta haɗu, ta sake narkewa.

Ba wanda ya gaya mini
wurin da abu ke fitowa fes
bai fi kaifin aska faɗi ba.
In na kama idon kiyashi, ƙugunsa ya ɓata.
In na kama ƙugun, ya riga ya tafi harkarsa.
Numfashina girgizar ƙasa ne.
Bugun zuciyata ma sai da ya ɓata mini hoto tara.

Jibirin ya tsayar da jakinsa a kan gaɓa:
"Kuɗi ka yar, ko sujada ce ba alƙibla?"
Ban amsa ba. Amsa iska ce,
iska kuwa tana kaɗa fure.

Suwaiba ta biyo ni da jabana,
ta sauke kofuna a kan ciyawa,
na ce, karkato mini da tiren nan.
Ta ɗebo rana a cikinsa
ta zuba a ƙarƙashin ganye.
A nan na daina murza zobe.
Na bar shi inda yake, ni na riƙa matsawa,
gaba kaɗan, baya kaɗan,
kamar mai lallashin jariri ya yi barci.

Sittin da uku na ɗauka.
Ɗaya ya tsaya.

Kiyashi ne, da ƙwayar riɗi a ka,
ashe ƙafafunsa gashi ne da su,
ashe riɗi ma yana da ƙurji-ƙurji irin na dutsen niƙa.
A gefensa ɗigon raɓa,
cikin ɗigon, kogin nan namu kacokan a kife,
da kwale-kwale, da wata 'yar jar alama
wadda sai da yamma na gane mayafin Suwaiba ne.

Na kai wa Goggo Atine.
Shekara biyar ke nan tana zura zare a allura da lalube.
Ta kawo fuskar kyamarar har kan hancinta,
ta daɗe.
Ta ce, "Wannan gilashi tsoho ne irina.
Abu ɗaya yake riƙewa,
sauran ya bar wa Allah."

Na roƙi babban yatsanta.
Ta ɗora shi a kan gwiwa.
Na ga tsagogi kamar lakar gaɓa a watan zafi,
tsohon lalle ya maƙale a cikinsu,
ga tabon lauje
da ba ta taɓa ba mu labarinsa ba.

Ta ce, "To fuskar fa? Ko ba ta shiga?"

Tana shiga, Goggo,
sai dai in ja da baya,
in murza zoben har ƙarshensa,
in je wajen bakin ƙofa.

Ban tashi ba tukuna.
Kofi ya huce a tire,
ƙuda ya sauka a bakin kofin,
hannuna ya koma kan zobe.