Numfashin Auduga

Da atishawa abin ya fara,
'yar ƙarama, kamar ƙyastin ashanar da ta sha sanyi.
Ina kan keken ɗinki, ban ɗago ba.
Rumasa'u ta ce, "Baba, Auduga na mura."
Na ce, "Zomo da mura? Bari in gama wuyan rigar nan."

Kwana uku ruwa bai ɗauke a Agege ba.
Kwatar bayan gida ta tumbatsa,
bango ya yi gumi, tabarma ta yi funfuna,
janaretan Baba Sikiru a gindin tagarmu
yana tari tun magariba har assalatu.

Ran na huɗu ta ƙi ganyen dankali.
Hancin nan da ba ya hutawa ya yi fari da majina,
gashin hannuwanta ya dunƙule don yawan shafa.
In ka kasa kunne a ƙirjinta
sai ka ji butar da ta kusa tafasa.

Maƙwabta ba sa rasa magani.
Wannan ya ce tafarnuwa,
wancan ya ce a ɓare kafso a ruwan sha.
Mai shayi ya ce, "Tun da sauran nama a jikinta, ga wuƙa."
Rumasa'u ta dube shi,
duban da ban san 'yar shekara tara ta iya ba.

Kwalin taliya, huji shida, tsohon zane.
Muka shiga danfo zuwa Oko-Oba,
inda shanu ke zuwa ba su komawa,
mu kuwa mun je roƙon rai wa abin da bai kai kilo biyu ba.
Kwandasta ya leƙa kwalin, ya yi dariya,
ya karɓi kuɗin mutum biyu.

Dakta Morenike, da Hausarta ta Samaru,
ta ɗora abin saurare a kan haƙarƙarin,
ta yi shiru, mu ma muka yi.
Ta ce, "Zomo da hanci kaɗai yake shaƙa.
Ran da ya buɗe baki, tafiya ta zo.
Ɓoye ciwo gadonsa ne,
don a dawa mai rauni shaho ke fara gani.
Da kun ba ta kafson mutane, da hanjinta ya mutu kafin murar."

Magani a sirinji, ta gefen baki, safe da yamma,
mako biyu cur, ko da ta tashi tana tsalle.
A zubar da garin katako, a wanke zarni,
a goge hanci da auduga mai ɗumi,
a ajiye kwanon ruwan zafi nesa kaɗan, ta shaƙi tururi.

Sai ta ce, "Ina kejin yake?"
Na ce, "Gindin taga."
"Wa ke kwana kusa da tagar?"

Ban amsa ba.
Rumasa'u ce ta amsa, da tarin nan
da na yi wata biyu ina kira sanyin damina.

Washegari layin asibiti muka bi, ni da ita.
Da yamma na cire hula na gaida Baba Sikiru,
muka kinkimi janareta mu biyu zuwa bayan katanga,
yana mita, ina ba shi haƙuri,
na ɗinke masa agbada kyauta.

Daren goma sha ɗaya, wuta ta ɗauke.
A cikin duhu na ji ƙurus, ƙurus,
Auduga ta kama harawa.
Can gefe, a sabon wurin katifa,
yarinya na barci, bakinta a rufe.

An ce zomo ba bawan giwa ba ne, dawa suka tara.
Mu ɗaki muka tara, da iskar cikinsa.
Na zauna ina ƙirga numfashi biyu,
ɗaya mai sauri, ɗaya a hankali,
sirinji a aljihuna,
saura kwana uku.